Sassabin zamani da mutumin da ya ce daji yana ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya a watan Maris, lokacin da ƙasa ta yi fari fat kuma kara ya ƙare a gonaki, zai ga ice guda da ya ƙi bin yanayi. Sauran itatuwa sun kaɗe ganye, gawo kuwa yana tsaye kore shar, awaki sun taru a gindinsa suna jiran iska ta kaɗo musu ƴaƴa. Abin lura shi ne shekarun waɗannan itatuwa. Akwai tsofaffi jefi-jefi, masu kaurin da mutum biyu ba za su rungume ba, amma mafi yawansu matasa ne, kaurin cinya ko ƙugu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 suka tashi. Kuma ba a jere suke ba irin na dashen hukuma, a warwatse suke cikin gonakin hatsi, kowane inda ya ga dama ya tsiro. Babu wanda ya dasa su. Barin su aka yi.

A wajen Nijar, idan aka tashi ba da labarin wannan farfaɗowa, sunan da ake fara kira shi ne Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostiraliya. An haife shi a 1957 a jahar Biktoriya. Ya iso Nijar a 1981 tare da iyalinsa a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya zauna Maraɗi kusan shekara goma sha takwas, ya ji Hausa, sannan ya koma ƙungiyar World Vision a 1999. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba manomin Burkina Faso Yakuba Sawadogo irinta. Ra'ayinsa game da halitta, da fasaha, da addini, da halin ɗan Adam duk reshe ne na magana guda: abin da ake bukata don gyara ƙasa yana nan cikin ƙasar, abin da ya toshe hanya yana cikin tunanin mutane da dokar da ke kansu. Mu da muke zaune a ƙasar gawo muna da damar auna wannan magana fiye da kowa, domin shaidarta da iyakarta duk suna gonakinmu.

Shekarunsa biyu na farko a Maraɗi aikin dashe ya yi, irin wanda kowa ke yi a lokacin. A reni ƙananan itatuwa cikin leda, galibi baƙin iri kamar dogon yaro da turare, a loda su a mota a kai ƙauyuka da faɗuwar damina, a dasa, a kewaye. Mafi yawansu ba sa ganin damina ta biyu. Akuya ta ci, gara ta cinye saiwa, rairayi ya binne, zafin bazara ya ƙone sauran. Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa yage ledar dashe: saiwar ba ta wuce taki ɗaya ba, wani lokaci ma ta nannaɗe a gindin leda, ga damina wata uku, sai rani wata tara. Kafin saiwar ta kai inda laima take, sama ta bushe.

Kamar yadda shi kansa ke ba da labari, wata rana a 1983 yana jan ƙananan itatuwa zuwa ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Ransa a ɓace, ya yi addu'a, ya roƙi Allah gafara a kan yadda mutane suka ɓata kyautar da aka ba su, ya kuma roƙi a buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ƙaramin kurmi a gefen hanya, irin waɗanda ya saba wucewa yana ɗaukar su ciyawar banza. Da ya matsa ya duba ganyen, sai ya gane ganyen babban ice ne. Kututture ne da aka sare, yana tohowa duk shekara, ana kuma sare shi duk shekara. Daga nan ya fara kiran abin da ke ƙarƙashin gonaki daji na ƙarƙashin ƙasa.

Wannan shi ne tushen ra'ayinsa a kan halitta, kuma ilimin tsirrai ya goyi bayansa. Kalgo, sabara, taramniya, geza, magarya, dirga, aduwa, duk itatuwa ne da idan an sare su daga sama ba su mutu ba. Saiwarsu tana nan da ranta, ta yi shekaru tana nitsewa, ta riga ta kai ga laima, kuma tana ɗauke da abincin da ta tara. Shi ya sa tohon kututture kan yi tsawon da dashen leda ba zai yi ba a shekara biyu ko uku. Manomi kuwa ya gaji sassabe daga kakanni: kafin ruwa ya sauka a bi gona da adda a share duk wani toho, a tara a ƙone. A da, lokacin da ake barin gona ta huta shekaru, wannan bai zama illa ba, domin saura tana mayar da daji. Da mutane suka yawaita hutun gona ya ƙare, sai sassabe ya zama yanka na kowace shekara ba tare da ranar warkewa ba. A ganin Rinaudo ƙasar Sahel ba matacciya ba ce, danne ta ake yi, kuma da zarar an ɗaga hannu za ta miƙe.

Daga nan ra'ayinsa kan fasaha ya fito. Bai ƙi ilimin zamani ba, shi kansa ɗan jami'a ne. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauka cewa maganin da ya fi tsada shi ya fi kyau. Gandun reno, da mota, da waya ta kewaye, da ma'aikata masu albashi, duk suna tsayawa ranar da kuɗin aikin ya ƙare. Abin da ya nema shi ne dabarar da talaka zai yi da kayan da ke ɗakinsa, ya koya wa maƙwabcinsa a yini ɗaya. A Maraɗi aka raɗa mata suna sassabin zamani, sunan da ya dace, domin sassaben ne dai, an canza masa manufa.

Yadda ake yinsa ba wuya, amma wurin da ake kuskure yana da yawa, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Manomi yakan fara da zagaya gonarsa a rani, ya san kututturan da ke ciki da irin kowanne. Ba duka ake bari ba. Yana zaɓen waɗanda yake so gwargwadon bukata: kalgo da sabara don itacen girki da ganyen da ke ruɓewa ya zama taki, magarya da aduwa don ƴaƴa, gawo don ƙarfin ƙasa da abincin dabba. Mai farawa zai iya tsayawa a kan kututture ashirin zuwa arba'in a hekta guda, yana barin tazarar da garma ko hauya za ta wuce. A kan kowane kututture yakan tarar da toho goma, ashirin, har fiye, duk suna rabon abinci guda, shi ya sa babu wanda ke girma. Sai ya zaɓi mafi tsawo da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran daga tushe. Barin biyar yana da hikima: kowace shekara ana iya sare guda a yi amfani da shi, a bar sabon toho ya maye gurbinsa, sannan a ƙyale guda ɗaya ya zama babban ice. Wanda ya bar guda tak, idan akuya ta karya shi ko wani ya sace, aikin shekara ya tafi.

Bayan zaɓe sai gyaran rassa. Ana cire rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon sandar, ba a wucewa. Kuskuren da aka fi yi ke nan: mutum ya aske sandar tas ya bar ɗan tukku a kai, yana ganin ta fi kyan gani. Irin wannan sanda ba ta da ganyen da zai ciyar da ita, ta yi siririya, iskar farkon damina ta karya ta, ko saniya ta goga jiki ta kwantar da ita. A kan masu ƙaya ma, kamar magarya da gawo, rassan ƙasa su ne garkuwarsu daga bakin akuya, sai a yi musu a hankali. Kayan aiki dole su kasance da kaifi, adda ko lauje ko ƙaramin gatari, kuma sara daga ƙasa ake kai shi sama. Idan aka saro daga sama, nauyin reshen yakan ɓare ɓawon har ƙasa, ya bar rauni buɗe, gara da ruɓa su shiga ta nan. Bakin saran a karkace ake barin sa don kada ruwa ya kwanta. Rassan da aka cire, masu ƙaya a jibga su kewaye da gindi su tare dabba, sauran a kai gida. Sai a ɗaura tsumma, galibi ja, a jikin sandar da aka bari. Tsumman nan ba ado ba ne, sanarwa ce ga mai neman itace da makiyayi cewa wannan ice yana da mai shi. Kututture zai ci gaba da fitar da sabon toho, saboda haka ana komawa duk bayan wata biyu zuwa shida a rage. Wanda ya yi sau ɗaya ya manta, bayan shekara zai tarar da kurmin ya koma yadda yake.

Amfanin farko da manomi ke gani ba yawan dami ba ne, tsayuwar shuka ce. A gona tsirara, iskar da ke zuwa gaban hadari tana kwasar rairayi ta yanke hatsin da bai wuce yatsa ba ko ta binne shi, har a yi shuka sau uku ko huɗu a damina guda, iri ya ƙare, lokaci ya ƙure. Itatuwa ko da ƙanana ne suna rage gudun iska a daidai ƙasa. Suna kuma tare ƙurar hunturu da ganye a gindinsu. Daga shekara ta biyu itacen girki ya fara samuwa a gona, mata su daina ƙona kara da kashin shanu, waɗanda da ma ƙasa ce ke bukatar su. Wannan riba ta biyu ba a cika lissafa ta ba, alhali tana da girma.

Duk da sauƙin dabarar, mutane ba su rungume ta da gudu ba, kuma a nan ne tunanin Rinaudo kan halin ɗan Adam ya ginu. Ya fara da manoma ƙalilan, wajen goma sha biyu. Aka yi musu dariya. A al'adar noma, gona mai tsabta ita ce shaidar namiji mai ƙwazo, wanda ya bar toho kuwa rago ne. Ga tsoron inuwa za ta danne hatsi, ga tsoron tsuntsaye za su samu masauki su cinye zangarniya. Wasu ma cikin dare aka sare musu abin da suka bari. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Maraɗi da Damagaram ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin. Aikinsa ya shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin mai karɓa ya bar itatuwa a gonarsa. Ta haka aka tsirar da kimanin dubu ɗari biyar. Da rabon abinci ya tsaya, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suka koma suka sare.

Wani zai ce aikin ya faɗi. Rinaudo bai ɗauke shi haka ba, kuma bai zargi waɗanda suka sare ba. Darasin da ya ɗauka kashi biyu ne. Na farko, abin da aka saya da buhu yana ƙarewa tare da buhun. Na biyu, kashi ɗayan da suka bar nasu sun ga da idonsu cewa hatsi bai mutu ba, ga itace a hannu, har da na sayarwa, kuma su ne suka zama malaman maƙwabtansu. Gani ya kori ji. Tun daga nan yake maimaita cewa kafin gona ta yi kore sai tunanin mai ita ya fara yin kore. A wurinsa manomi ba jahili ba ne kuma ba maɓarnaci ba ne, mutum ne mai lissafi da ke kula da abin da ya tabbata nasa ne, yake kuma tsoron zama abin nuni a cikin jama'a.

Batun mallaka shi ne ƙashin bayan wannan lissafi. Tun dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, itatuwa masu daraja kamar gawo suna ƙarƙashin kariyar hukuma ko da a gonar mutum suke. A wancan lokaci manomi na iya shan tara a kan reshen da ya sare a gonar da ya gada. Niyyar dokar kare daji ce, amma abin da ta haifar a zuciyar talaka daban ne: ice a gona ya zama hanyar shigowar ɗan gandun daji. Mai hankali sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama abin tuhuma. Kuma abin da ba na kowa ba ne, kowa na iya sara. Rinaudo ya nemi fahimtar juna da ma'aikatan gandun daji na Maraɗi domin a bar manomi ya ci moriyar abin da ya rena. Matsayinsa a nan ya bambanta da na masu kare muhalli da yawa: yana ganin idan ba a yarda mutum ya sare ice ba, ba zai rene shi ba. Daga baya doka ta biyo sawun abin da manoma suka riga suka fara, da kundin dokokin karkara na 1993, da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da aka yi musamman kan wannan aiki, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena.

Game da addini, Rinaudo Kirista ne da bai taɓa ɓoye imaninsa ba. Yana ɗaukar ƙasa amana daga Mahalicci, ɓata ta laifi ne da ke neman tuba, gyara ta kuma aikin ibada. Yakan ambaci aya ta 30 a Zabura ta 104, inda ake cewa Allah yana sabunta fuskar ƙasa, ya fahimce ta da cewa mai rayarwa Allah ne, ɗan Adam mai taimakawa ne kawai da wuƙarsa. Wannan ya sa ba ya raba aikin gona da aikin ruhi. Abin da ya kamata mai karatu Musulmi ya lura da shi shi ne, manoman da suka ɗauki aikin nan kusan dukansu Musulmi ne, kuma ba su bukaci aron hujja daga waje ba. Alƙur'ani a Suratur Rum aya ta 41 ya danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. A Suratur Ra'ad aya ta 11 an ce Allah ba ya canza halin da mutane ke ciki sai sun canza abin da ke zukatansu, wanda kusan shi ne maganar kore tunani kafin kore gona. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce Musulmi ba zai dasa ice ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi ba, face ya zama masa sadaka.

Inda addini ke da aiki na gaske shi ne a kan kalmar ƙaddara. Ruwa na Allah ne, babu mai jayayya. Amma sau da yawa a ƙarƙashin wannan gaskiya ake ɓoye wata magana daban, cewa tun da fari hukuncin Allah ne, babu abin da hannu zai yi. Malamin da ya hau mumbari ya raba wa jama'a tawakkali da sakaci, ya kuma faɗa musu cewa sare icen da wani ya ɗaura wa tsumma sata ce kamar satar akuya, ya yi wa sassabin zamani aikin da ma'aikacin gona goma ba za su yi ba.

Alƙaluman da aka fi yaɗawa sun fito ne daga aikin masu bincike irin su Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, waɗanda suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, suka kuma bi gonaki da ƙafa. Ƙiyasinsu shi ne hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200, wato wajen arba'in a hekta. A wani rahoto na 2009 an ƙiyasta ƙarin hatsi tan dubu 500 a shekara. Yana da kyau a ce fasahar sama ce ta nuna wa duniya girman abin da adda ta yi a ƙasa, domin shekaru ashirin aikin yana yaɗuwa ba tare da hukumomi sun ankara ba. Ga masu cewa dawowar ruwa tun shekarun 1990 ne ya jawo komai, hotunan sun ba da amsa: ruwa ya taimaka, amma itatuwan sun fi yawa a gonakin da ake nomawa, a yankuna masu cunkoson jama'a, fiye da dajin da ba shi da mai shi.

Sai dai a nan ne ɗan Damagaram ya kamata ya gyara labarin. Binciken da Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 a Magarya da Matamaye da Mirya ya gano kusan hekta miliyan ɗaya da itatuwa suka dawo, mafi yawa gawo. Gawon nan ba daga kututturan Maraɗi ya zo ba, kuma akasarinsa ba daga kututture ya tashi ba. Daga iri ne. Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri, idan ta bi ta cikin tumbin akuya ko saniya sai ta yi laushi, ta faɗi cikin kashi, ta tsiro da damina a tsakiyar hatsi. Aikin manomi shi ne ya gane ta lokacin noman farko, ɗan tsiro mai ƙananan ganye da fararen ƙayoyi bibbiyu, ya karkatar da hauya. Shekarun farko gawo ƙasa yake bi, yana aika saiwa zurfi, sama kuwa ya baje kamar ba ya girma. Sai an zaɓar masa sanda guda an ɗaga ta, wani lokaci an tokare ta da itace, sannan ya miƙe. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sanin darajar gawo ya girmi kowane aikin raya karkara. Manoman nan sun san yana zubar da ganye da shigowar damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne. Sun san dabbobi suna kwana a inuwarsa da rani su bar kashi da fitsari. Sun san hatsin gindinsa ya fi duhu da kaurin zangarniya, abin da bincike a Bambey ta Senegal ya tabbatar tun shekarun 1960. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Mutanen Mirya ma da kukokinsu ba yau suka fara renon ice a gona ba. Abin da ya faru bayan 1984 shi ne wahala ta tura mutane komawa ga abin da suka sani, a daidai lokacin da hannun hukuma ya sassauta. Rinaudo kansa ba ya da'awar shi ya ƙirƙiro dabarar, yakan ce tsohuwa ce. Masu ba da labarinsa ne ke son jarumi guda. Amma labarin gawon Damagaram ƙarfafa ra'ayinsa ya yi: inda mutum ya ga riba ya kuma amince abin nasa ne, ba ya jiran kowa.

Iyakar maganar tana bayyana idan aka nufi arewa da gabas. A kan tuddan rairayi masu tafiya na wajen Gure, ko faƙon da ya daskare ya zama kamar daɓe, babu kututture mai rai da za a rena, iri kuma ba ya samun wurin maƙalewa. Can sai an fara da shingen tare rairayi, ko tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da ramukan rabin wata masu riƙe ruwa, sannan a dasa ko a watsa iri. Dashe ma ba kullum yake faɗuwa ba: layukan dogon yaro da aka fara kafawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska sun tsaya sun yi amfani, domin can ruwan ƙasa yana kusa. Akwai kuma itatuwan da suka ɓace daga wasu yankuna gaba ɗaya, irin su kanya da ɗanya da ƙirya. Sassabin zamani yana dawo da abin da ya rage ne kawai, shi ya sa gonaki da yawa suka zama gawo zalla ko sabara zalla. Wanda ke son kanya a gonarsa dole ya nemo iri.

Mafi nauyin tambaya ita ce: nasa na wa? Mai aron gona ba zai reni ice ba, domin mai gonar na iya ɗaukar hakan a matsayin neman mallaka ya karɓe abinsa. Matar da a da take tsintar itace ko'ina, yanzu tana iya tarar da kowane reshe da tsumma, idan mijinta ba shi da gona mai yawa sai ta saya. Makiyayi kuwa, da shanunsa ne suka shuka rabin gawon nan da kashinsu, yana isowa a bazara lokacin da babu ciyawa, ganyen gawo ne kaɗai kore a gabansa. Sassaƙe rassa kaɗan daga babban ice ba ya kashe shi, amma idan aka yi masa kwalkwabo ba zai yi ƴaƴa ba a shekara mai zuwa, ƙaramin kuwa sara ɗaya ya ishe shi. Ƙauyukan da suka shawo kan wannan, kamar Ɗan Saga a yankin Agye, kwamiti suka kafa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, da yardar mai gari da ma'aikatan gandun daji, aka tsayar da tara a kan mai sara ba izini, aka kuma fayyace wane ice za a iya rage wa rassa da kuma yaushe. Inda aka kafa kwamitin ba tare da an kira ardo ya zauna ba, dokar takan tsaya a bakin gari, rigimar kuma ta tashi a gona a watan Afrilu.